Zuwanmu Agadas Kafin Idon Malam Ya Rufe

Tun da muka dawo daga Agadas ban je gidan suna ko na biki ba face an tsare ni da tambaya. Hajiya Indo ta Mairuwa har waya take bugo mani, wai da gaske ne mazan can ke lulluɓi, mata na yawo fuska buɗe? Matan da muka yi koyarwa tare a firamare kuwa tambayarsu ɗaya ce: mi ya kai tsohuwa kamata shiga hamada da miji mai ciwon ido? Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na zauna in ba da shi gaba ɗaya.

Malam, wato maigidana, ɗan wani ƙauye ne kusa da Tafoki. A jami'a ya yi aikinsa har ya tsufa, yana koyar da labarin ƙasa, amma ba irin wanda na koya wa 'yan aji shida ba, na koguna da duwatsu. Nashi na garuruwan da suka mutu ne. Sai ya bi tsofaffin taswirori, ya ga inda suka ce akwai gari, sannan ya ɗauki sanda da igiyar awo ya tafi neman kufansa. Tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa babu kufan da bai taka ba, a zamanin da daji ke shiguwa. Ya ga tudun ƙasa ya ce ganuwa ce. Ya ga rami ya ce marina ce. Ya ga kukoki a jere ya ce nan kasuwa ta ci. Ya dawo da ƙarangiya a wando, ya zana garin a takarda har da lungunansa. Ni nawa aikin in kare takardun daga gara da yara. Haƙuri kawai nake yi da abin, kamar yadda wata ke haƙuri da miji mai kiwon tattabaru.

Bayan ya yi ritaya muka dawo Faskari, sai ido ya fara. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya cinye gefe da gefe. Abin da ya rage mashi ɗan fili ne a tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Maganin da ake ɗigawa jinkirta abin yake yi, ba ya mai da wanda ya tafi.

Wata safiya muna shan koko ya ce mani, "Hajiya, duk garuruwan da na yi aiki a kansu matattu ne. Ban taɓa ganin guda yana numfashi ba."

Na ce, "Katsina fa? Kano fa?"

Ya ce, "Sun sha siminti da kwano. Agadas ce ta rage da jikinta na ƙasa. Shekara da shekaru ina koyar da ita daga hoto."

Babban ɗanmu da ya ji maganar ya ce a bari sai rani, in ya samu hutu ya kai shi da kansa. Da la'asar ɗin ranar na ajiye wa Malam ruwa a gefen tabarma, na ga yana lalube yana neman kofin, alhali ga shi dab da gwiwarsa. Na shiga ɗaki na kira yaron na ce, "Ubanka ba shi da rani. Ni zan kai shi."

Ana cikin yankan gero muka tashi. Da sassafe muka bar Faskari, don kun san yanzu ba mai bin hanyarmu in rana ta karkata. Akwai inda mota ta zo kowa ya yi shiru, sai ƙarar carbi, har muka hango gidajen Ƙanƙara sannan aka koma hira. Daga nan muka sake mota zuwa Katsina, muka wuce Jibiya. A lokacin iyaka na buɗe.

A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo, wato ɗan sandan can, ya karɓi takardunmu. Ya duba na Malam, ya ga aikinsa, sai ya ƙame ya ce, "Sannu da zuwa, Mushe."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Yaro, mutum da ransa, sa'an ubanka, ka kira shi mushe? Ido ne ke mashi ciwo, bai mutu ba."

Malam ya kama dariya har yana riƙe ƙofar mota. Ashe a can malamin makaranta ake ce wa haka, kalmar Faransanci ce ta girmamawa. Jandarman ma dariya ya yi, ya ce, "Yi haƙuri, Inna, kowane ɗan Najeriya sai mun yi wannan rigimar da shi." Daga nan idonsa ya kai ga doguwar takardar da ke naɗe a hammatar Malam, ya ce a buɗe. Kwafin wata tsohuwar taswira ce da Turawa suka zana tun ba su taɓa zuwa ƙasarmu ba, daga abin da matafiya suka faɗa masu. Har da zaki da tantuna a jikinta. Aka shimfiɗa ta bisa mota. Mutumin ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce, "To ina Nijar? Ina iyaka?"

Malam ya ce, "Ba a haife ta ba tukuna. Kai ɗan ina ne?"

"Bagobiri ne ni."

Malam ya kai fuskarsa dab da takardar, ya bi ta da yatsa a hankali har ya tsaya wani wuri. "Ga ku nan. Ga Katsina, ga Zamfara, ga Agadas can sama."

Jandarman ya yi ta kallon sunan da aka rubuta a karkace. Ya kira abokan aikinsa su zo su ga Gobir. Motoci suka taru a bayanmu ana ta danna ham, su ko a jikinsu, sai da kowa ya ɗauki hoton taswirar a waya sannan aka sallame mu.

Maraɗi muka kwana, a wani ɗan masauki kusa da tasha. Na ce wa matar da ke dafa abinci mu Katsinawa ne, ta ce, "Ai mu ma, mu ne ma na asali, ku kuka zauna mana gida." Da na so in yi musu, Malam ya taɓa ni ya ce in bar ta, tana da hujjarta. Da safe aka kawo burodi dogo siriri kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, cikinsa iska. Kowa sai ya saƙale nashi a hammata yana tafiya. Furarsu kuwa ban taɓa shan irinta ba, gero zalla, ba gardama.

Daga can muka shiga babbar mota zuwa Damagaram, muka sake kwana, sannan muka miƙa arewa. Nan tafiya ta fara zama tafiya. Malam ya ba ni kujerar taga, ya ce tunda mota na gudu idonsa ba ya kama komai, ni zan riƙa faɗa mashi abin da ke wucewa. Muka yi nisa ya ce, "Mi kike gani?"

Na ce, "Babu komai."

Ya ce, "Babu komai ba amsa ba ce, Hajiya. Akwai gero ko ya ƙare? Itacen da ke akwai mai ƙaya ne? Ƙasar wane launi?"

Haka ya tasa ni gaba kamar 'yar aji ɗaya. Da na fara dubawa da gaske, sai na ga ashe ƙasa sauyawa take yi kamar fuskar mutum. Gero ya gajarce, ya koma tsilli-tsilli, ya ɓace. Kuka ta ɓace, gawo ya ɓace, sai aduwa da farar ƙaya. Shanu suka ba raƙuma wuri. Duk rijiyar da na ambata sai ya faɗi sunan wurin kafin mu iso allonsa, ya ce nan ayari ke yada zango a da. Mutumin da bai taɓa bin hanyar ba.

Tsakar rana mota ta kafe a yashi, inda kwalta ta cinye. Maza suka sauka turi. Zafin da ya taso mani daga ƙasa har cikin takalmi na ji shi. Hankalina ya tashi, don likita ya gargaɗe ni kada maganin idon ya sha zafi, ga ƙanƙarar da na zuba a kula ta zama ruwan wanka. Wata Buzuwa da ke kujerar bayanmu ta ga ina ta jujjuya kwalbar. Hausarta kaɗan ce, amma ta gane. Ta karɓa, ta naɗe ta a tsumma, ta jiƙa, ta ɗaure a jikin salkar ruwanta, wato jakar fatar akuya da ta rataye a inuwar motar inda iska ke bugawa. Da aka fid da mota ta miƙo mani, na ji kwalbar da sanyi kamar daga randa. Sannan ta ba ni wani abu fari mai faɗi, busasshe. Na kai baki na gartsa, saura kaɗan in bar haƙorina a Nijar. Matan motar suka kwashe da dariya. Cuku ne, nonon da aka busar, ana marmasa shi a fura ko a jiƙa a shayi.

Mai masaukinmu a Agadas, Malam Alhasan, Buzu ne malamin tarihi, sun taɓa haɗuwa da Malam a wani taro. Ya tarye mu a tasha da rawani naɗe har bisa hanci. Duk zamanmu a gidansa ban ga bakinsa ba. In zai sha ruwa sai ya tura kofin ta ƙarƙashin rawanin. Matarsa Gaisha kuwa fuska buɗe, ta zauna cikin maza ana hira da ita, in ya yi kuskure ta gyara mashi. Na tambaye ta a ɓoye ko ba ya jin haushi. Ta ce, "Haushin mi? A wurinmu tanti na mace ne da duk abin da ke ciki. In an yi faɗa shi ke ɗaukar sirdinsa ya fita." To, Hajiya Indo, amsarki ke nan.

Shayinsu ma sai da ya ba ni kunya. Aka miƙo mani ɗan kofi kamar na ɗiga magani, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye don kara, na yi godiya, na miƙe zan shiga ciki. Gaisha ta jawo zanena ta zaunar da ni. Ashe sau uku ake sha, kuma tashi bayan na farko kamar ka ce gidan bai yi maka ba ne. Na biyu ya sassauta, na uku ya zo da zaƙi. Kafin mu taho ni ke tambaya ko an ɗora.

Washegari muka shiga tsohon gari. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta maku ba. Ku ɗauka an tara duk tsofaffin gidajen ƙasa da kuka taɓa gani a ƙuruciya, irin na kakanninmu kafin kwano ya zo, aka jera su gari guda, kuma mutane na ciki suna girki, suna faɗa da yara, suna sayar da katin waya. Bango mai kauri, ƙofa gajera sai ka sunkuya, lungu siriri wanda jaki da kaya ke cika shi. Malam ya saki hannuna ya dafa bango yana tafiya. Can ya tsaya ya ce, "Wannan lungun ba zai miƙe ba. Zai karya hagu, ya sake karyawa, sai mu ishe fili, kuma in da rijiya a nan take."

Muka karya hagu, muka sake karyawa, sai ga fili, ga tsohuwar rijiya an rufe bakinta, awaki na kwance a kai. Malam Alhasan ya ce, "Ka taɓa zuwa ne ka ɓoye mani?"

Malam ya ce, "A'a. Akwai wani kufai a yammacin Sabuwa, haka nashi yake. Ana karya lungu don iska ta rage ƙarfi, inuwa ta daɗe, mahayin da ya shigo da sharri kuma ya rasa inda zai sukwane."

Takardun nan da na yi shekaru ina kakkaɓe wa gara, ina ganin zanen banza ne na tudu da rami, ga ni yau a tsaye a cikin ɗayansu, ana soya ƙosai a kusurwa.

Abin da ya kawo shi dai hasumiyar babban masallaci ce. Da ƙasa aka gina ta tun ɗaruruwan shekaru, ƙasanta da faɗi, tana tsukewa har sama, itatuwa sun fito a jikinta ta kowane gefe kamar ƙayar bushiya. Da hantsi muka fara zuwa. Na ɗaga kai har kallabina ya zame. Na ce, "Malam, ga ta!" Ya ɗaga kai, ya juya nan, ya juya can, hawaye na zuba saboda hasken rana. Ya ce, "Fari kawai nake gani." Ya sake gwadawa da hannu a goshi. Ba ta fito mashi ba. Muka koma gida, abincin rana ma bai taɓa ba. Na zauna a gefensa ina tunanin ko na jawo tsoho duk wannan nisa ne don ya tabbatar ya makance.

Malam Alhasan ya ce mu koma bayan la'asar, rana ta yi sanyi. Da muka koma, tun daga bakin fili Malam ya tsaya cak, ya damƙe hannuna. Ya ce, "Na gan ta. Tsakiyarta nake gani." Ya ɗaga kai a hankali yana bin ta har ƙarshe, ya sauko da shi a hankali. Sannan ya ce zai hau.

Dattijon da ke riƙe da mabuɗin hasumiyar ya dube shi, ya dube ni, ya ce matakalar da duhu, kuma da ƙunci, ba ta masu ciwon ido ba ce, balle da mace a biye. Na ce, "Baba, daga Faskari na riƙo hannunsa. In ya hau ba ni, wa zai nuna mashi gabas?" Sai ya buɗe.

Cikinta kamar cikin rumbu. Muna hawa tana matsewa, har kafaɗuna biyu suna gogar bango. Ga warin jemagu. Ɗaya ya taso ya shafi fuskata, na yi salati da ƙarfi. Na ce ni na fasa, a mai da ni ƙasa. Sai na ji muryar Malam a gabana, a natse. "Riƙe bakin rigata, Hajiya. Duhu ba baƙona ba ne. Ɗaga ƙafa, akwai mai tsawo a nan." Shi ya ja ni har muka ga haske.

Saman ɗan wuri ne, da kyar ya ɗauke mu. Da na leƙa sai da na dafa bango. Garin gaba ɗaya a ƙarƙashinmu, ja, launi guda da ƙasar da ya fito daga cikinta, kamar ba gina shi aka yi ba, tsirowa ya yi. Kowane gida da tsakar gidansa a buɗe, ina ganin mata na tankaɗe, wani na alwala, wata na shanya bisa soro. Lungunan da muka bi da safe sun zama zare. Can arewa duwatsun Abzin sun yi shuɗi. Bayan gida na ƙarshe kuma babu gona, babu daji, sai fili har inda sama ta sauko. Na rasa yadda aka yi mutane suka zo nan suka ce a nan za mu zauna, kuma suka zauna.

Malam ya ce, "Kama kafaɗuna. Fara da ni daga gabas."

Abin da yake iya gani a lokaci guda bai fi faɗin faifai ba. Sai na riƙa juya shi kaɗan-kaɗan, ya tsaya, ya ƙura ido, ya ce "gaba," in sake juya shi. Gida-gida ya bi garin. Wani wurin ya tambaye ni abin da ke gefen wanda yake kallo, in faɗa mashi, ya haɗa da nashi. Ya nemi kasuwa na nuna mashi, ya nemi inda raƙuma ke sauka, ya nemi maƙabarta. Dattijon mai mabuɗi ya yi kira daga ƙasa, Malam Alhasan ya roƙe shi ya ƙara mana lokaci. Sai da muka zagayo inda muka fara. Rana ta kusa faɗuwa, bangwayen suka ƙara rinewa. Malam ya sauke numfashi, ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ban yi wa 'ya'yan mutane ƙarya ba."

Sannan muka sauko.

Dawowa ba ta da labari mai yawa, sai dabino da cukun da Gaisha ta cika mana jaka da su, da ciwon gwiwar da hasumiya ta bar mani. Muka ishe gida lafiya, an gama kai amfani rumbu.

Idon ya rufe kafin ruwan farko na shekarar da ta biyo. A hankali ya tafi, faifan ya koma kamar bakin kofi, ya koma kamar ƙwayar gero, wata safiya ya ce in daina ɗiga maganin. Yanzu tsofaffin ɗalibansa na zuwa zaure, su shimfiɗa taswira, ni in karanta sunayen, shi ya yi bayani. Abu ɗaya ne har yau ba mu shirya a kansa ba. Shi ya ce launin garin a wannan yammacin ja ne kamar jar kanwa. Ni kuwa na san abin da na gani, ya fi kama da ƙuli-ƙulin da ya soyu sosai. Rannan muka sake ɗauko musun a gaban baƙi, har na fara ɗaga murya, sai na tsaya na bar mashi. Ni tun daga ranar na ga abubuwa da yawa, sun hau bisa nawa. Shi nashi na nan yadda ya sauko da shi.